Wayarka Ita Ce Aljihunka: Haƙƙin Da Ke Kan Ɗan Kasuwa Da Ma'aikaci Na Koyon Aiki Da Intanet



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wannan mako filinmu zai yi magana ne a kan koyon aiki da intanet. Mai yiwuwa wani daga cikin masu karatu ya ce wannan ai zancen 'yan makaranta ne, me ya kawo shi filin addini? To, ina roƙon a yi haƙuri a saurari labarin da ya sa na ɗauki alƙalami, sa'an nan kowa ya yi wa kansa hukunci.

Akwai wani dattijo, abokin mahaifina, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta birnin Kano. Ya haura shekara 40 a kasuwa. Mutum ne wanda in ya shafa turmin atamfa da yatsunsa, ko da idonsa a rufe, zai gaya maka irinta da darajarta, kuma lissafin da yara ke yi da na'ura shi da ka yake yinsa. Wata ranar Alhamis bayan la'asar sai ga wani saurayi mai kyan tufafi ya shigo shagonsa, ya zaɓi kaya masu yawa, aka yi ciniki aka daidaita. Saurayin ya ce ba ya tafe da tsabar kuɗi, zai tura ta waya. Jim kaɗan wayar Alhaji ta yi ƙara, yaron shago ya duba ya ce, "Baba, alat ya shigo." Aka ɗaure kaya, aka yi sallama.

Ran Litinin da Alhaji ya je banki, sai aka shaida masa cewa ko kwabo bai shiga asusunsa ba. Ashe saƙon jabu ne, mutumin ya shirya shi ya aiko kamar daga banki ya fito. Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, rabin kayan ba na Alhaji ba ne, jarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta ba shi yana juya mata.

Da na je yi masa jaje sai ya ce mini, "Ɗana, ka san tun da nake kasuwa ba a taɓa miƙo mini jabun takardar kuɗi na karɓa ba. Hannuna ya san kuɗi. Amma yau kuɗin sun bar hannu sun koma cikin wannan abu, ni kuwa ban san ko yadda ake buɗe shi ba."

Wannan magana ta Alhaji ita ce ginshiƙin rubutunmu na yau.

YADDA MUKA ISO NAN

Intanet dai hanya ce da ta haɗa kwamfutoci da wayoyin duniya wuri guda, yadda saƙo ko takarda ko umurnin biyan kuɗi zai bar Kano ya isa Ikko ko Jidda kafin mutum ya mai da wayarsa aljihu. Tushenta ya faro a Amurka a 1969, lokacin da aka haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i don aikin bincike. A 1989 wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, yana aiki a wata cibiyar bincike kusa da birnin Janiba, ya fito da tsarin shafukan da muke buɗewa a yau. A nan Nijeriya kuwa ƙofar ta buɗe wa talaka ne bayan zuwan wayar salula a 2001.

Daga nan sai hukuma da bankuna suka riƙa kwashe ayyukansu ɗaya bayan ɗaya suna mai da su can. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashin ma'aikatanta ta tsarin IPPIS. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN mai alƙalumma 11, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da zanen yatsunsa. A 2015 aka tattara kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya cikin asusu guda, har ya zama mai biyan kuɗi ga hukuma sai ya ciro lambar biya ta Remita tukuna. A wannan shekarar ce kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta dungum kan kwamfuta. A watan Disamba na 2020 aka ba da umurnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN. Neman fasfo, da sayen katin mitar wuta, da duba kuɗin fansho, duk sun bi wannan hanya.

Wanda bai ankara ba a duk waɗannan shekaru, to, ya ankara a farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a ƙasa baki ɗaya. Kowa ya ga yadda magidanta suka riƙa wuni a layin banki, masu POS suka tsauwala lada, mai tumatir da mai nama suka zura wa kayansu ido suna lalacewa saboda mai saye na da kuɗi a asusu amma mai sayarwa ba shi da hanyar karɓa. Waɗanda suka iya karɓar kuɗi ta waya su ne suka ci kasuwa a wannan lokaci.

Ko aikin Hajji bai tsira ba. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, tare da bankin Jaiz, ta buɗe shirin adashin gata na Hajji a 2020, wanda maniyyaci ke iya zuba kuɗinsa kaɗan-kaɗan ta waya. Hukumomin Saudiyya kuma sun fito da manhajar Nusuk a 2022, ta cikinta ne mai ziyara ke neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Irin wannan sauyi ba baƙo ba ne gare mu. Dattawa na iya tuna ranar 1 ga Janairu, 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A watannin farko an cuci mutane da dama wajen canji, amma iyayenmu ba su ce sun tsufa ba, suka zauna suka koyi sabon lissafi har ya zauna musu a ka. Haka kakanninmu suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 da furfurarsu, don kada su riƙa kai wasiƙar sirrinsu wurin wani ya karanta musu.

INDA ABIN YA SHAFI ADDINI

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa duk wanda zai shiga wata sana'a, wajibi ne a kansa ya san abin da zai tsare shi daga cin haram da tozarta haƙƙin mutane a cikinta. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya kasa kaya a kasuwar Musulmi. To, in kuɗin marayu da na abokan ciniki da na hukuma suna ratsawa ta wayar da ke aljihunka, sanin yadda za ka tsare su ya shiga cikin riƙon amana.

Daɗin daɗawa, tarihi ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawan Madina, don wasiƙun da ke shigowa da masu fita su kasance a hannun amintacce. Zaidu kuwa ya iya shi cikin kimanin rabin wata. Darasin a fili yake: abin da ya shafi sirrinka da amanarka, ka koye shi da kanka, kada ka jingina shi ga wanda ba ka san cikinsa ba.

Amma dubi halin da da yawa daga cikinmu ke ciki. Za ka tarar da attajiri mai jarin miliyoyi, lambar sirrin asusunsa tana wurin yaron shago. Za ka tarar da babban ma'aikaci mai shekara 25 a ofis, adireshinsa na imel wani mai shagon kwamfuta ne ya buɗe masa, da lambar wayar mai shagon, kalmar sirrin ma shi kaɗai ya san ta. Ranar da mai shago ya tashi daga unguwa, ranar nan takardun wannan ma'aikaci suka bi shi. Wa zai yarda ya ba baƙo makullin ɗakin ajiyarsa ya ce riƙe mini? Alhali kuwa abin da muke yi ke nan kullum, ba tare da mun lura ba.

ABIN DA YA KAMATA A FARA KOYA

Ba a ce kowa sai ya zama injiniyan kwamfuta ba. Abubuwa kaɗan ne ɗan kasuwa da ma'aikaci ke bukata, kuma mai iya karatun boko ko da kaɗan ne zai iya su cikin 'yan makonni.

Na farko, mutum ya san cewa layin wayarsa shi ne makullin asusunsa, domin ta kansa banki ke aiko da saƙo, ta kansa kuma ake tabbatar da cewa shi ne mai asusun. Saboda haka a sa wa waya lambar kullewa, a sa wa layin ma tasa. In waya ta ɓace ko an sace ta, kada a tsaya jimami, a garzaya a sa banki ya toshe asusun, kamfanin waya kuma ya toshe layin, tun kafin a yi zancen sayen wata.

Na biyu, mutum ya iya duba abin da ke asusunsa da hannunsa. Kowane banki na da lambarsa mai farawa da tauraro, wadda ke aiki ko a ƙaramar waya kuma ba ta bukatar data. Mai babbar waya kuma sai ya buɗe manhajar bankinsa, wadda ke jera duk abin da ya shiga da abin da ya fita, da rana da lokaci. Ƙa'idar ita ce, kaya ba sa barin shago sai mai shago ya ga kuɗin sun hau kan abin da ke asusunsa. Saƙon alat ana iya ƙirƙirarsa, hoton rasit ɗin da mai saye zai nuna maka a wayarsa shi ma ana iya shirya shi. In mai saye ya ce yana sauri, a ba shi tabarma da ruwa ya jira. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba. Da Alhaji ya san wannan kaɗai, da dukiyar marayu ba ta salwanta ba.

Na uku, tura kuɗi. Lambar asusu a Nijeriya alƙalumma goma ce, kuma da zarar ka shigar da ita ka zaɓi banki, sunan mai asusun zai bayyana. Tsaya ka karanta sunan da kyau kafin ka danna. Sa'an nan ka ƙirga sifili, domin tsakanin 50,000 da 500,000 sifili guda ne tak, kuma dawo da kuɗin da suka tafi inda ba a nufa ba yakan ci kwanaki da zirga-zirga, wani lokaci har sai an dangana da kotu.

Na huɗu, adana shaida. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, watau aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rasit ɗin da manhaja ke bayarwa taimako ne babba wajen cika wannan umurni, domin yana ɗauke da suna da adadi da rana da lambar da banki zai bi sawun kuɗin da ita in an sami matsala. Sai dai a lura, rasit na nuna cewa kuɗi sun tafi, ba ya nuna dalilin tafiyarsu. Bashi ne, ko kyauta, ko kuɗin kaya, ko ajiya? Saboda haka a cika gurbin bayani da ke wurin turawa, a kuma rubuta a littafin shago, da lokacin da aka yi alkawarin biya. Magada da yawa sun yi rigima a gaban alƙali saboda mamaci ya tura kuɗi bai bar bayani ba.

Na biyar, ma'aikaci ya mallaki imel nasa na kansa, da lambar wayarsa, da kalmar sirrin da shi ya zaɓa. Wanda ke ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo ya koyi duba asusunsa a kai a kai. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10. In wata ya wuce ba a zuba ba, gara ka gano yanzu da ƙarfinka, da a ce sai ranar da ka aje aiki.

ABIN DA BA A FAƊA WA KOWA

Akwai abubuwan da ba su halatta su fita daga bakinka ba: lambar sirrin katinka, da alƙalumma ukun da ke bayan katin, da kalmar sirrin manhajarka, da lambar nan ta wucin gadi da banki ke aikowa lokacin ciniki, wadda ake kira OTP. Banki ba ya buga waya ya tambayi ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya kira ka da murya mai daɗi ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu ba, to, ɓarawo ne, ko da ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka. Kashe wayar, ka je reshen bankinka da ƙafarka.

Haka nan lambar nan mai alƙalumma shida ta WhatsApp. Wani zai kira ya ce ana shirya taron ƙungiya ko wa'azi ta intanet, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Da ka karanta sai ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya bi 'yan'uwanka da abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon rance da sunanka. Maganin wannan shi ne a kunna kariya ta biyu da ke cikin saitin manhajar. In kuma saƙon neman kuɗi ya zo maka daga aboki, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Kada a yi lambar sirri da shekarar haihuwa, ko 1234, kada kuma a rubuta ta a bayan kati. Yawancin shafukan hukumomin gwamnati suna ƙarewa ne da gov.ng, kuma kuɗin Gwamnatin Tarayya ba a biyansu cikin asusun wani mutum mai suna. Duk sanarwar ɗaukar aiki ko rabon tallafi da ta ce ka tura kuɗi ga wane, ka san inda ta dosa.

Sai kuma tarkon kwaɗayi. Mutane da yawa ba su manta da MMM ba, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, sa'an nan ta dakatar da biya a watan Disamba na 2016, dukiyar jama'a ta narke. Irinta na sake fitowa da sabon suna duk bayan ɗan lokaci, wasu har da kiran kansu na halal. Tambaya guda ta isa: wane kaya ake saye, wane ake sayarwa, har ribar ta fito? In babu amsa, kuɗin na baya ne ake ba na gaba. Haka manhajojin ba da rance cikin minti biyar, bayan ribar da ke cikinsu wadda hukuncinta sananne ne, wasunsu kan kwashe lambobin da ke wayar mutum, in ya yi jinkirin biya su bi danginsa da saƙon tozarci.

LABARI MA AMANA NE

Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu bisa jahilci a dawo ana nadama. A da, mai baza jita-jita sai ya taka da ƙafarsa daga zaure zuwa zaure. Yau kuwa da yatsa guda mutum zai aika ƙarya ga mutum ɗari yana kishingiɗe. Muna gani duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen Ramalana yadda saƙonnin ganin wata ke yawo tun kafin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Muna ganin hoton wani tsohon rikici na wata ƙasa ana cewa jiya aka yi a garin kaza, da maganganun da ake jingina wa Manzon Allah ba tare da asali ba. Kafin ka tura, tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, kuma na tabbatar? In ba ka tabbatar ba, bar shi ya mutu a wayarka. Ma'aikaci kuma ya sani, ɗaukar hoton takardar sirri ta ofis a watsa ta cin amanar aiki ne.

WA ZAI KOYAR?

Babban abin da ke hana manya koyo shi ne kunya. Mutum na ganin girmansa zai zube in ya zauna gaban ɗan cikinsa yana tambaya. To, Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi, matambayi kuma ba ya ɓata. Ka zaɓi amintacce cikin 'ya'yanka ko ƙannenka, ku sa lokaci, ko da minti 20 ne bayan sallar isha'i. Sharaɗi guda ne: wayar ta kasance a hannunka, shi ya yi bayani da baki, kai ka danna. In ya karɓa ya yi maka, ba ka koyi kome ba. Ka fara da abu guda, ka tura naira 100 ga wani na gida, ka maimaita har sau goma, ka rubuta matakan a littafi da boko ko da ajami. In an zo wurin lambar sirri, ya kau da kansa.

Ku kuma samari, ku ji tsoron Allah game da iyayenku. Wanda ya yi haƙuri da kai har ka iya tafiya da magana, bai cancanci tsaki ba don ya manta inda ake dannawa. Kada kuma a bar mata a baya, domin da yawansu suna sana'a daga cikin gida, suna karɓar kuɗi ta waya, kuma mazambata sun san da haka.

Ina kira ga shugabannin kasuwanni, irin su Kantin Kwari da Dawanau da Singa da takwarorinsu na sauran garuruwa, da ƙungiyoyin ma'aikata, da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na dare, su ware ko da sa'a guda a mako don wannan darasi. Ɗaki da allo da matashi guda mai amana sun isa. Limamai kuma su riƙa tunatarwa a kan zambar waya kamar yadda suke tunatarwa a kan tauye mudu.

Shi dai Alhaji ya sayar da wani filinsa ya mayar wa matar nan jarinta cif, ko da yake an gaya masa cewa akwai maganar malamai a kan wanda aka ba jari ya salwanta ba da gangancinsa ba. Ya ce shi a ganinsa rashin koyon da ya yi sakaci ne, ba zai kwanta da haƙƙin marayu ba. Bayan haka ya sa jikarsa 'yar sakandare ta zauna da shi kullum da dare har wata guda. Kwanan baya da na bi ta shagonsa na tarar wani ya saya yana cewa, "Alhaji, na tura." Sai ya ciro tabarau, ya buɗe wayarsa da kansa, ya duba a natse, sa'an nan ya ce wa yaro, "Ɗaure masa."

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.